Shaidar Raƙumi a Jikin Ordinatar

Ku gyara zama, ku aro mini kunnuwanku, ga ta nan tafe gare ku. Wannan ba daga bakin kakata na ji ta ba, a kaina ta faru, nan cikin Tanut, a ƴan shekarun nan da na fara kai allura bakin ƙofa kafin in ga kafarta. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne matar autana tana rubutawa, na kuma ce da ita kada ta gyara mini magana.

A wani ƙauye na ƙasar Gangara aka haife ni, aure ya kawo ni Tanut gidan baduku. A danginsu ba a saba ganin mace ta zauna kan fata ba, amma idon maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi rauni da wuri, ni kuwa hannuna ba ya rawa. Shi ke yanka da ɗinki, ni ke rini da zane. Fatar akuya muke saye wadda aka jeme da bagaruwa, in yi ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko. Mun yi jakunkuna da kube da matasan kai, mun yi ragamar raƙumi da rigar laya ba iyaka. Daga baya kayan roba suka cika kasuwa, masu saye suka ragu, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Na tattara basilla da wuƙaƙe na zuba cikin kwando, na tura ƙarƙashin gado.

Maza biyu Allah ya bar mini cikin waɗanda na haifa. Na farin, wanda ba na kama sunansa, ya hau motar arewa neman aiki. Ya kira daga Agadas, ya sake kira daga can gaba, daga nan shiru. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga wanda ya gani ba. Gidanmu yana kusa da kwalta, kamiyo, babbar motar kaya, ba ta wucewa arewa ban ji ta a ƙirjina ba.

Auta ma ya bi hanyar nan, ban iya hana shi ba. Shekara shida ya yi a Libiya, Allah ya dawo mini da shi da ƙafafunsa, da sana'a a hannu. Ya koyi gyaran ordinatar, na'urar nan ta rubutu da lissafi da ake ajiyewa a biro. Ya yi aure, ya kama ɗan shago kusa da tasha. Sai ya je Damagaram ya kwaso tsofaffin da ma'aikatu suka gaji da su, ya buɗe cikinsu, ya sauya abin da ya mutu, ya sayar. Aikinsa mai kyau ne, sai dai masu saye kaɗan ne, kowa wayarsa ta ishe shi.

Ranar da aka yi ruwan shuka ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado.

"Inna, zan gwada har a gama kaka. In sanyi ya shigo shagon nan bai riƙe gidan nan ba, zan koma."

Na ce Allah ya kai mu. Amma tun da nake a Damargu, ƙasar gero, ban taɓa kallon gero yana tashi raina yana ɓaci ba sai wannan daminar. Duk tsawon da kara ya ƙara, ina ganin kwanakin ɗana a gida suna raguwa.

Wata rana da hantsi na kai masa fura shago, na iske mutum biyu suna ka-ce-na-ce a kansa. Ɗaya mushe ne, malamin lakwal, ɗayan mai shagon buga takardu. Kowa ya kawo gyara, kowa ya zo ɗauka, an rasa wace ce ta wa. Ita ordinatar ta tebur akwatin ƙarfe gare ta, kamar ƙaramar adaka a tsaye, kuma duk iri ɗaya ne, baƙaƙe ko masu launin toka, duk sun kakkarce. Sai da Auta ya kunna su ɗaya bayan ɗaya aka gane. Da suka tafi na ce masa a rayuwata ban taɓa ganin dukiya mai tsada haka an sake ta babu shaida ba, akuyar da ba ta kai rabin kuɗinta ba ma ana tsaga mata kunne. Na ce ya ba ni akwati ɗaya cikin matattun da ya jibge a lungu.

Ya yi dariya ya tambaye ni ko miya zan yi da shi. Na ce riga zan yi masa.

Ya kwance mini murfin gefe biyu da na sama, ya nuna mini ƴan ramukan da ke jiki, ya ce ta nan take numfashi, in na toshe su zafi zai kashe ta. Wannan ban sha wuyar ganewa ba. Na jawo kwandona, na wasa wuƙaƙe. Inda ramukan suke na yi wa fatar yankan raga, irin wanda nake yi a bakin jakar amarya, iska ta samu hanya. Gwajin farko da ƙaro na liƙa, kwana biyu fatar ta nannaɗe ta tashi. Auta ya karɓo mini kol, abin liƙin nan, wurin masu gyaran takalmi, na biyun ya zauna daram. Jar fata ce, da baƙin zane a gefe-gefe, da tsanwa kaɗan a kusurwa. Ya ɗora akwatin kan tebur a ƙofar shago, babu komai cikinsa, masu wucewa tasha suka riƙa tsayawa suna shafawa.

Mushen nan shi ya fara biya. Ya ce a yi masa da kore, kada a sake haɗa masa kaya da na wani. Bayansa mai buga takardu, don kada a fi shi. Muka tsara aikinmu. Auta ke kwance murfi ya kawo gida, ni hannuna ba ya taɓa cikin na'ura. Mai kaya ya zo zaure ya zauna, in shimfiɗa masa guntayen fata ya zaɓa. Ina tambayarsa inda za ta zauna, don ja ba ya son rana, ina tambayarsa ko za a riƙa yawo da ita, don in ninka kusurwoyi in ɗinke. Masu irin wadda ake naɗewa kamar littafi su ma suka fara kawowa, ita bayan murfinta kaɗai nake rufewa. Aiki ya fara shigowa, amma jefi-jefi. Ya isa a sa rai, bai isa a ce shago ya tsaya ba. Gero kuwa ya riga ya yi kai.

Ana cikin haka wani Badamagare ya zo, mai tura waƙoƙi da fina-finai a wayoyin mutane. Kasuwannin daji yake bi, daga ta Belbeji har na arewa, da akwatinsa da batir da faifan hasken rana da lasifika. Mutum ne mai baki, kafin ya zauna ya riga ya ce ni ce matarsa ta fari da ya daɗe yana nema. Na ce masa miji mai ƙaramin gemu irin nasa sai dai ya ɗauko mini ruwa. Ya ce yana son rigar da makiyayi zai hango daga mashayar raƙuma ya taho. Ya ce in ta yi masa, duk abokan sana'arsa nan zai turo su, kuma suna da yawa. Na dubi Auta na ga yadda fuskarsa ta washe.

Na shimfiɗa masa duk abin da nake da shi, bai ga wanda ya yi masa ba. Sai idonsa ya kai kan wata jaka da ke rataye a bangon zaure, naɗe cikin tsohon zane, gefenta ya leƙo.

Jakar nan tana da labari. Shekarar da ta gabaci babban farin da ya kashe dabbobi, ina da goyon fari a lokacin, wani dogon Ba'abzine daga rijiyoyin bayan Tenhya ya zo wurin maigidana. Ya ce a yi masa jakar sirdi ta mace, mai dogayen tuntaye, a sa shaidar gidansu a tsakiya. Shaida ita ce alamar da makiyaya ke yi wa raƙumansu da ƙarfe mai zafi, kowane gida da tasa. Ya durƙusa ya zana ta da yatsa a ƙasa: layi biyu a tsaye, ƙugiya a ƙarƙashinsu, ɗigo ɗaya a dama. Ya biya mu tun a ranar, ya ce zai zo ɗauka bayan damina. Daminar ba ta zo ba, shi ma bai zo ba. Maigidana ya ce amana ce, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita. Duk shekara nakan sauke ta in shafa mata man shanu in mayar.

Mai turi ya warware zanen ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Wannan nake so, Inna. Wannan mai ƙugiyar."

"Wannan ba ado ba ne, shaida ce. Tana da masu ita."

"Suna ina?"

Na ce ban sani ba, an fi shekara arba'in. Ya yi dariya ya ce raƙuman da aka yi wa ita ƙasusuwansu ma sun zama ƙasa, wa zai tuna. Ya ce shi dai ita yake so, in ba ita ba a bar maganar. Auta yana tsaye jikin ƙofa yana kallon ƙasa. A ranar kuwa tun safe amalanke ke wucewa da dammunan gero.

Ina so a rubuta wannan yadda yake. Ba wanda ya tilasta ni. Ni matar baduku ce, na san abin da shaida take nufi tun kafin a haifi su biyun. Na sani, na ce to.

Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Rawayar fata, shaidar da baƙi a tsakiyar murfi, girmanta ya kai tafin hannu biyu, ja da tsanwa sun kewaye ta. Ya ɗauka yana ta sa mini albarka, ya ce aurenmu ya ɗauru.

Kasuwa biyu aka ci ya dawo, hannunsa babu komai. Bai zo gida ba, ƙofar shago ya tsaya, inda duk tasha za ta ji. Abin da ya faru shi ne, ya kafa kayansa a kasuwar Tenhya, ya saki kiɗan rawa a lasifika, samari sun taru. Sai wasu masu rawani suka tsaya suna kallon akwatin. Ɗaya ya tafi ya dawo da wani dattijo. Suka zauna suka kewaye shi, suka ce ya kashe kiɗan. Ba su zage shi ba, ba su taɓa shi ba. Suka ce a wurinsu duk abin da aka gani da shaidar nan, ko a hannun wa yake, tsayar da shi ake yi har sai an ji yadda aka yi ya same ta. Suka ɗauki akwatin suka kai wa sarkin kasuwa ajiya.

Ya faɗi wannan, ya ƙara da nasa. Ya ce tsohuwa ta manna masa alamar ɓarayin raƙuma, ya ce duk mai son kayansa ya nisanci shagon nan, ya ce jandarma zai tafi. Kafin la'asar mutum biyu da suka ba da aiki sun zo sun karɓe murfinsu. Da na fito alwala na ga jakar tafiyar Auta, wadda ya dawo da ita daga Libiya, an wanke ta an shanya a igiya tana ɗiga.

Na aika aka kira mini mai turi. Na ce ya ba ni kasuwa ɗaya kafin ya je jandarma, ni zan je Tenhya da kaina. Auta ya ce hanyar ba ta tsohuwa ba ce, ya ce shi zai je ya ba da haƙuri. Na ce hannun da ya zana shi zai je.

Ranar kasuwa muka hau motar ƴan kasuwa mu uku, aka ba ni gaba kusa da direba, jakar Ba'abzinen tana kan cinyata cikin zanenta, wuƙata tana ƙugu. Kwalta ta ƙare muka shiga rairayi. Mai turi yana baya kan buhuna, duk tsayawar da aka yi sai ya leƙo ta taga ya ce ya sake ni saki uku. Na ce masa ya bari mu dawo, kada ya rasa mai yi masa addu'a a hanya.

A rumfar sarkin kasuwa muka iske akwatin. An naɗe shi cikin bargo, an ɗora kan turmi a inuwa don kada ya taɓa ƙasa. Ganin haka na san da mutanen kirki zan yi magana. Aka aika, dattijon ya zo da mutanensa, rawaninsa ya rufe baki. A bayansu wata tsohuwa, ta girme ni, aka shimfiɗa mata tabarma a gefe ta zauna. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da dabbobi da hanya, aka dafa shayi. Sai da aka sha na farko sarkin kasuwa ya ce ga wadda ta yi aikin.

Dattijon yana jin Hausa sosai, irin ta kasuwa. Ya dube ni.

"Inna, kin san mece ce wannan?"

"Na sani."

"Kin sani kika sa?"

"Na sani na sa. Na ɗauka kun ƙare."

Na ji Auta ya motsa a bayana. Dattijon ya juya ƙaramin kofinsa a hannu.

"Mun kusa," in ji shi. "Amma ba mu ƙare ba."

Ya ba da labari a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce shekarar farin yana yaro, suka bi sauran dabbobinsu kudu, suka dawo bayan shekaru da taguwa biyu. Daga su aka sake tara garke, kuma kowane ɗan raƙumi da aka haifa sai an sa masa shaidar nan a wuya. Ya ce raƙuminsu in ya ɓata ya isa rijiyar da ba a san su ba, ana shayar da shi saboda ita, a aiko musu. Duk abin da ke ɗauke da ita, mutane cewa suke gidansu ne ya tsaya masa. Yanzu ga shi ana faɗa a rijiyoyi cewa gidansu ya shiga sana'ar kiɗan rawa. Ya ce abin da yake so ya sani ɗaya ne, a ina na gan ta, tunda raƙumansu ba sa shiga Tanut.

Na warware zanen na shimfiɗa jakar a tabarma. Na faɗi yadda aka yi, da dogon mutumin, da zanen yatsa a ƙasa, da daminar da ba ta zo ba.

Ban gama ba tsohuwar nan ta miƙe. Ta zo ta durƙusa, ta bi tuntayen da yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta kai jakar hancinta. Ta yi magana da harshensu, ɗanta ya amsa, don dattijon ɗanta ne. Sannan ta juyo gare ni da Hausarta mai karyewa. Ta ce mijinta ne. Ya gaya mata ya sa a yi mata jaka a Tanut wadda ba mace a rijiyarsu da ke da irinta. A hanyar kudu ya rasu, shekarar nan.

"Shekara arba'in ina cewa daɗin baki ya yi mini," in ji ta. "Ashe gaskiya ya faɗa, dogon nan."

Ta yi dariya, hawaye na bin fuskarta. Ta tambaye ni wa ya riƙa shafa mata mai. Na ce ni. Ta kama hannuna ta riƙe.

Ban bari jakar ta wanke mini laifi ba, ita dama tasu ce. Na ce Auta ya kwance murfin. Ya fiddo abin kwance ƙusa ya kwance, na ɗora a cinyata, na zare wuƙa na yanke shaidar daga jikin fatar, na ɓamɓare ta, na miƙa wa dattijon da hannu biyu. Na ce na ɗauki abin da ba nawa ba ne na ba wanda ba nasa ba ne, ga shi na mayar, a yafe mini. Ya karɓa ya sa cikin aljihun rigarsa, ya ce an yafe.

Sai mai turi ya samu baki. Ya ce to shi fa, an bar shi da rami a tsakiyar riga kamar wanda ɓera ya ci. Na ce zan cike masa da tasa, mece ce shaidar gidansu? Ya sosa ƙeya ya ce su ba su da ko jaki, ubansa tela ne a Damagaram. Na ce to almakashi. Har masu rawani sai da kafaɗunsu suka girgiza don dariya.

Muna shirin tashi dattijon ya tsayar da ni. Ya ce yana da ɗa a babbar makaranta a Damagaram, yana da irin wadda ake naɗewa, kuma ya daɗe bai zo rijiya ba. Yana so a yi mata riga, a sa shaidar, yaron ya riƙa ganinta duk safiya.

"Amma ba hannunki zai zana ta ba, Inna. Ki yi adonki ki bar mini fili. Ni zan sa."

Bayan sati biyu ya yi sallama a zaurena, da na'urar ɗan a hannu, da ƙarfensa naɗe cikin tsumma. Na riga na rina fatar na yi zanen gefe, na bar tsakiya fayau. Aka hura gawayi a murhu, ya sa ƙarfen har ya yi ja, ya yi bisimilla, ya ja layi biyu, ya ja ƙugiya, ya ɗiga ɗigo. Zauren ya cika da ƙaurin fata. Sai da ta huce na liƙa.

Daga ranar na kafa dokata, har yau kuma ban karya ta ba. Ina yin riga, ina barin fili kamar tafin hannu. Wanda ke son shaida a ciki ya zo da babban gidansu ya sa da hannunsa. Wanda ya ce babban yana nesa, sai ya jira, ko ya tafi da filinsa haka nan.

Na ɗauka dokar za ta kore mutane. Labarin kuwa sai ya bi rijiyoyi ya riga mu isa ko'ina. Makiyaya suna da ƴaƴa a makarantu da asibitoci da ma'aikatu fiye da yadda na zata, ƙungiyoyinsu ma suna da biro a nan Tanut. Suka riƙa zuwa ranar kasuwa, tsoho da ƙarfensa, yaro da na'urarsa. Wani Bafulatani ya ce su a kunne suke yi wa shanunsu, na miƙa masa wuƙa ya tsaga gefen fatar yadda yake tsaga kunnen maraƙi, na bi bakin da ɗinki don kada ya yage. Mutanen gari da ba su da dabba suka koma gida suna tambayar tsofaffinsu ko kakanni sun bar wata alama. Kuma duk wanda ya kawo don riga, sai ya ce Auta ya duba masa cikin tunda an buɗe. Su biyun da suka karɓe murfinsu suka dawo da shi, ban tuna musu ba.

Sanyi ya shigo. Motocin arewa suna wucewa cike da samari, ina jin su. Auta bai ce mini ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Wata safiya ya shigo yana juya ragowar fatun da ke rataye, ya ce, "Inna, waɗannan ba za su kai mu azumi ba. Sai na je Damagaram na ƙaro, ki faɗa mini irin da kike so." Azumi kuwa saura wata huɗu. Na ce ya nemo mini ta akuyar da ba ta yi ƙaiƙayi ba, ya ɗaga ta a rana ya duba. Da na shiga madafa na ga jakar tafiyar nan a rataye, matarsa ta cika ta da busasshiyar kuɓewa.

Tsohuwar Tenhya ta ga damina ɗaya bayan haka, Allah ya karɓi abinsa. An ce mini jakar tana kan raƙumin jikarta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Dattijon yana nan, duk shigowarsa Tanut sai ya biyo da cuku a hannu, ɗansa kuma ya gama karatu yana aikin allurar dabbobi a ƙasarsu. Mai turi yana bin kasuwanninsa da almakashi a jikin akwati, ya ce har yau akwai masu kawo masa wando ya rage musu, ya turo abokansa kamar yadda ya yi alkawari, ya kuma mayar da aurenmu ba tare da an tambaye ni ba. Mushe an ɗauke shi zuwa wani gari, ya tafi da korensa. Auta ya fasa bango ya haɗa shagonsa da na kusa, yana da ƴaƴa biyu, bai sake wuce Agadas ba. Matarsa, wannan da ke rubutu, ta fi ni iya haɗa tsanwa yanzu, baƙin ne har yau sai na duba mata.

Na farin kuwa ba labari. Na rina jar fata guda, mafi kyau cikin waɗanda Auta ya kawo, ban yanka ta ba. Tana rataye a ƙusar da jakar nan ta bari, cikin zanen nan dai, duk shekara ina sauke ta in shafa mata man shanu.

Nan na sauke ta. Ku karɓi kunnuwanku, na gode da aro.